Jiki Ya Fi Kunne Ji: Rugugin Falonka Da Barcin Maƙwabcinka

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan da wuya ka shiga falon ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai rufin asiri a Birnin Kebbi ko Argungu ba ka tarar da faffaɗan talabijin manne da bango ba, ga 'yan ƙananan lasifikoki an jera masa hagu da dama, sannan ga wani baƙin akwati mai nauyi an tura shi can lungu. Wannan tarin kaya shi ake kira hom-tiyata, akwatin kuwa sunansa wufa, ba shi da wani aiki illa fitar da sauti mai kauri, wanda matasa ke kira bes. Abin ya zama ruwan dare har ya shiga jerin kayan ɗakin amarya. Ba ni da ja da wanda Allah Ya hore wa ya saya ya ji daɗi da iyalinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gaskiya da yawancin masu waɗannan kaya ba su lura da ita ba, wato abin da mai falo yake ji daban, abin da ke isa ɗakin barcin maƙwabcinsa daban, kuma a can ɗakin maƙwabcin ne ya kamata a auna ko sautin ya yi yawa ko bai yi ba.

A matsayina na ɗalibin ilmin harshe, bari in fara da kalmomi, domin sau da yawa rikici yakan samo asali ne daga kiran abu da sunan da ba nasa ba. Idan maƙwabci ya gaji da haƙuri ya yi magana, abin da yakan ce shi ne, "Don Allah, Alhaji, a ɗan rage ƙara." Mai gida kuma ya kasa kunne, ya ji muryoyin 'yan wasa daidai wa daida, ya rantse cewa babu wata ƙara, har ya fara zargin ko hassada ce. Alhali kuwa kowannensu gaskiya ya faɗa. Hausa ba ta rasa kalmomin da za su raba musu gardama ba. Muna da ƙara da amo da hayaniya, muna kuma da diri da rugugi da gunji. Bahaushe ya bambanta tsawa, wadda ke tsaga kunne, da cida, wadda ke mirginowa daga nesa ana jin ta a ƙirji. Abin da ke hana maƙwabci barci dangin cida ne. Da zai ce a rage rugugi, da an fi saurin gane inda ciwon yake.

Sauti dai kaɗawar iska ce, kuma ana auna kaurinsa ko sirantakarsa da yawan kaɗawar da yake yi a cikin sakan guda. Lafiyayyen kunnen ɗan Adam yana jin abin da ya kama daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan. Ita wufa tana aiki ne a can ƙasan wannan tsani, daga wajen 20 zuwa 120. Da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, tsawon igiyar sauti mai kaɗawa 40 ya kusa mita 9, wato ya ɗara yawancin falukanmu, alhali igiyar mai kaɗawa 3,000 ba ta wuce santimita 12 ba. Masana gini suna da wata ƙa'ida da ke cewa duk lokacin da yawan kaɗawa ya ragu da rabi, ƙarfin bango na tare sauti yakan ragu da kimanin desibel 6. Daga kaɗawa 1,600 zuwa 50 an raba biyu har sau biyar, ke nan a lissafi bangon ya yi asarar wajen desibel 30. Domin mai karatu ya gane girman wannan asara, ƙarin desibel 10 kacal kunne yana jin sa ne kamar an ninka sautin biyu.

Ma'anar wannan ita ce bango rariya ce mai aiki a juye. Rariyar gida tana sakin gari ta riƙe tsaki, shi kuwa bango yana riƙe lallausan sauti ya saki mai kauri. Mu masu nazarin furuci mun san cewa abin da ke sa a fahimci magana yana zaune ne a tsakiya da saman tsanin nan, shi ya sa tsohuwar wayar tarho ta wadatu da abin da ke tsakanin kaɗawa 300 da 3,400, baƙaƙe irin su "s" da "sh" da "ts" kuwa ƙarfinsu ya kai har sama da haka. Mafi yawan wannan bango yana tare shi. Saboda haka mai falo yana kallon fim da labarinsa da waƙarsa da ban dariyarsa, abin da ke ƙetarawa zuwa ga maƙwabci kuwa dim, dim, dim ne kawai, babu kalma balle ma'ana, bai san lokacin da zai zo ba, bai san lokacin da zai tsaya ba. Toshe kunne da auduga ko danne kai da matashi ba ya magani, domin rugugin yana biyowa ta bango da daɓe da ƙafar gado. Magabata sun ce jiki ya fi kunne ji; a nan maganar ta tabbata a zahirinta.

To, me ya sa shi mai gidan ba ya jin abin da maƙwabcinsa ke ji? Tun a 1933 wasu masana biyu na ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunne ba ya kama sauti mai kauri da sauƙi kamar yadda yake kama matsakaici, sai an ba shi ƙarfi sosai. Shi ya sa mai falo yake ta ƙara wa wufa wuta yana neman bes ɗin ya zauna, ga shi kuma muryoyi da kiɗa suna lulluɓe rugugin a wurinsa, yayin da a ɗakin maƙwabci babu abin da ke lulluɓe shi. Bugu da ƙari, a ɗaki mai kusurwa huɗu dogayen igiyoyin nan suna karo da bango su dawo su gamu da masu tahowa. A wasu wurare, musamman wajen tsakiyar ɗaki, sai su kashe juna, a jikin bango da lunguna kuwa sai su taru su ƙara ƙarfi. Kujerar mai gida sau da yawa tana inda bes ya fi rauni. Gadon maƙwabci kuwa, bisa al'adarmu ta jingina gado da bango, yana daidai inda ya fi ƙarfi.

Ya kamata kuma mu tuna cewa asalin wannan fasaha ba don ɗakin zama aka ƙirƙiro ta ba. A 1974 aka fitar da wani fim na girgizar ƙasa a Amurka, aka girka manyan lasifikokin rugugi a gidajen sinima domin 'yan kallo su ji kujerunsu na rawa, har a wani shahararren gidan sinima na Hollywood sai da aka ɗaura raga a ƙarƙashin silin saboda ɓarɓashin da ke zubowa. A 1992 kamfanin Dolby ya fito da tsarin da ya ware wa rugugi hanyarsa ta musamman a cikin fim, hanyar da aka ba ta damar ɗara sauran da desibel 10. Wannan tsari shi ne ya biyo faifan DVD ya shigo gidaje. Ke nan abin da aka tsara domin zauren da ke cin ɗaruruwan mutane, mai bango na musamman, shi muka ɗauko muka ajiye a falo mai mita 4 da mita 5, wanda bulo ɗaya ya raba shi da ɗakin jaririn wani.

Gidajen namu ma sun sauya. Gidan Bahaushe na gargajiya ginin tubali ne da jar ƙasa, bangonsa mai kauri, rufin soronsa azara da ƙasa, kuma kafin ka kai ɗakin barci sai ka wuce zaure da shigifa da tsakar gida. Nauyi da tazara, waɗanda su ne maganin rugugi na haƙiƙa, duk ginin ya tanade su. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, ya ga irin kaurin ginin da nake nufi. Amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama hedikwata, ma'aikata suka kwararo, unguwanni irin su Gesse da Badariya da Bayan Kara suka bunƙasa, sai gini ya koma na bulo mai rami, inci 6 ko inci 9, da rufin kwano da silin marar nauyi da daɓen tayil. A gidajen haya da dama, bangon da ya raba ɗan haya da ɗan haya yana tsayawa ne daidai silin, daga nan zuwa kwano fili ne guda a buɗe, sauti yana hawa ta wannan ɓangare ya sauka ta wancan ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Da can akwai mai shiga tsakani, wato ɗauke wuta. Komai ƙarfin kiɗan maƙwabcinka ka san ba za a jima ba NEPA za ta yi maka maganinsa. Yanzu kuwa, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa sun koma ga sola da inbata, kuma talabijin da hom-tiyata ba su da cin wuta sosai, suna iya kaiwa asuba a kan batir. Sai a haɗa wannan da yanayin ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a kwarin Rima, jama'a suna kwana a tsakar gida ko su bar tagogi a buɗe. Manyan wasannin gasar zakarun Turai kuma ana take su ne da ƙarfe 8 ko 9 na dare agogonmu, su ƙare wajen 10 ko 11, daga nan wani ya ɗora da fassarar fim ɗin Indiya mai cike da harbe-harbe da fashe-fashe. Lokacin da maƙwabci ya fi buƙatar shiru shi ne lokacin da ba shi da ko ƙofar da zai rufe.

Su wane ne ke ɗaukar wannan nauyi? Kada mu manta garuruwan nan biyu a bakin fadama suke. Noman shinkafa na rani, wanda ya ƙara haɓaka bayan shirin bai wa manoma rance da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aiki ne na sammako. Manomi yana son ya tayar da injin ban ruwa kafin rana ta buɗe. Akwai masunci, akwai ma'aikacin kamfanin casar shinkafa, akwai ma'aikaciyar jinya da ta kwana biyu tana aikin dare, akwai ɗalibin Kwalejin Waziri Umaru ko ta Adamu Augie mai jarrabawa da safe, akwai mai jego da ta sha wuya kafin jariri ya yi barci, akwai dattijo mai hawan jini. A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin da ke ɗorewa a ɗakin barci ya wuce desibel 30, ta kuma yi gargaɗin cewa idan sautin mai kauri ne, ya kamata a yi ƙasa da haka. Binciken likitoci ya daɗe da danganta yawan katsewar barci da hauhawar jini da ciwon zuciya. Wanda aka tayar sau uku a dare zai fita da safe ya hau babur ko ya riƙe allura, kuma babu wanda zai danganta kuskurensa da fim ɗin da wani ya kalla.

Wani zai ce ai akwai doka. Gaskiya ne. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin hayaniya a 2009, inda aka ƙayyade desibel 50 da rana da 35 da dare a unguwannin zama, dare kuma yana farawa ne daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. A Ingila dokar 1996 ta ba ƙananan hukumomi ikon cin tara, har da ƙwace kayan kiɗan da aka dami maƙwabta da su tsakanin ƙarfe 11 na dare da 7 na safe. To, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wane jami'i ne zai zo Badariya da ƙarfe 1 na dare ɗauke da na'urar awo? Ko da ya zo, akwai wata matsalar. Ma'aunin da aka saba amfani da shi an tsara shi ne ya kwaikwayi kunne, saboda haka yana zaftare kimanin desibel 30 daga sauti mai kaɗawa 50. Na'ura tana iya cewa lafiya lau alhali gilashin taga yana karkarwa. Haka abin yake ga manhajojin awon sauti da ake saukewa a wayar hannu.

Abin mamaki shi ne malaman fiƙihun Malikiyya sun riga na'urar gano bakin zaren. A birnin Tunis an yi wani magini mai suna Ibn al-Rami, wanda ya rasu wajen 1334, alƙalai suna aika shi ya duba rikicin gini tsakanin maƙwabta, ya kuma tattara abin da ya gani a littafinsa al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan. A ciki ya kawo yadda ake gane ko dutsen niƙan da dabba ke juyawa a gidan wani yana cutar da bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare huɗu a jikin rufin da ke kan bangon, a zuba mata busassun ƙwayoyin kusbara, a ce mai niƙa ya tayar da dabbarsa, idan ƙwayoyin suka motsa, cuta ta tabbata. A lura da wurin da ake yin gwajin: a bangon wanda ake cutarwa. Wannan ilmi kuwa bai tsaya a Tunis ba. A nan ƙasar Gwandu, Alƙali Idris bin Khalid ya rubuta wa alƙalai littafi a 1836 wanda ya ƙunshi mas'alolin gini da haƙƙoƙin maƙwabta, littafin da masana biyu, Besim Hakim da Zubair Ahmed, suka yi nazarinsa a 2006. Ke nan tun kusan shekara 190 da suka wuce alƙalan wannan yanki sun san cewa mallakar gida ba ta halatta wa mutum tura cuta ta cikin bango ba.

Al'adarmu ma ba ta bar sauti mai kauri sakaka ba. Tambari, wanda ake jin dirinsa daga nesa, ba kowa ke da ikon a kaɗa masa ba, na sarki ne, kuma yana da lokutansa sanannu kamar naɗin sarauta da bukukuwan salla. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016, biki ne na ganguna da sowa a bakin Matan Fada, ana kiɗa har a cikin kwalekwale. Babu mai kuka da shi, domin kowa ya san ranarsa da wurinsa da lokacin tashinsa. Har camfin da ake tsorata yara da shi cewa fito da dare yana kiran aljanu, idan aka duba da kyau, dabara ce ta kare shirun dare. Abin da wufa ta yi shi ne ta miƙa wa kowane mai albashi tambarinsa, ba tare da ta haɗa masa da ladubban kaɗa shi ba.

Akwai kuma wani abu a halinmu da ke ƙara dagula lamarin, shi ne kawaici. Bahaushe yana jin nauyin ya buga ƙofar maƙwabci ya ce an dame shi, balle idan maƙwabcin ya girme shi ko ya fi shi abin hannu. Iyakacinsa habaici da safe: "Jiya kam, Alhaji, an sha kallo." Shi kuma Alhaji ya yi dariya ya ɗauka yabo ne. Idan ma aka tambaye shi kai tsaye, "Ko muna damunku?" amsar da ladabi ya tanadar masa guda ce, "Haba, ba komai." Duk mai nazarin yadda muke sarrafa magana ya san cewa "ba komai" tana daga cikin jimlolin da suka fi ɗaukar komai a harshen Hausa. Shiru ba tsoro ba ne, gudun magana ne. Amma abin da aka haɗiye yakan fito ta wata kafa, a rikicin yara ko na magudanar ruwa ko a daina gaisawa, har a kai ga mai unguwa ba a ambaci ainihin dalilin ba. Saboda haka nauyin bincike yana wuyan mai kayan kiɗa, kuma sai ya iya tambaya. Ya ce, "Malam, wane ɗaki ne ya fi jin kiɗan nan a wajenku? Da ƙarfe nawa yara ke kwanciya?" Irin wannan tambaya ta riga ta amsa cewa ana ji, ta sauke wa maƙwabci nauyin ƙorafi, ta bar masa ba da bayani kawai.

Daga nan sai gwaji irin na Ibn al-Rami. Mai gida ya kunna fim ɗin da ya fi rugugi a yadda ya saba kallo, ya nemi izini ya shiga ɗakin maƙwabcin da ke jikin falonsa, idan kuwa ɗakin iyali ne ya tura matarsa ko yaro da waya. Ya dafa bango da tafin hannu, ya ajiye kwanon ruwa a ƙasa ya duba ko fuskar ruwan tana rawa. Sannan wanda ke falo ya riƙa rage wufa sannu a hankali har a daina ji, a yi wa wurin alama. Wannan alama ita ce iyakar dare. A lura, wufar ake ragewa, domin yawancin waɗannan kaya suna da maɓallin bes daban, a bayan akwatin ko a jikin rimot. Da yawa za su yi mamakin ganin cewa da zarar rugugi ya ragu, maganar 'yan wasa ta fi fitowa, buƙatar ƙure murya ma ta kau. Na'urori da dama suna da tsarin dare, wanda ke danne fashe-fashe ya ɗaga magana. Bayan ƙarfe 10 kuwa, abin da ya fi sauƙi shi ne a kashe wufar gaba ɗaya. Sharhin ƙwallo da labarai da wasan Hausa ba su rasa komai idan babu ita.

Wurin da aka ajiye akwatin ma yana da tasiri babba. Lungu shi ne mafi muni, domin bango biyu da daɓe suna haɗuwa su ƙara masa ƙarfi, ga shi kuma ya manne da gini. A fitar da shi daga lungu, a nisanta shi daga bangon da ake tarayya da maƙwabci, a kawo shi kusa da kujerar mai kallo. Idan yana gefenka, ƙaramin ƙarfi ya ishe ka ka ji shi a jikinka, abin da ke isa bango kuwa ya ragu ƙwarai. Kada a cusa shi cikin kabad ko a ɗora shi kan teburin gilashi, don sai su zama ganga su ma. A ɗaga shi daga tayil a ɗora kan roba mai kauri ko soso mai tauri da katako a samansa. Wannan yana rage girgizar da ke bin daɓe, musamman ga mazauna saman bene, ko da yake ba ya hana wadda ke bin iska. A rufe ƙofa da tagogin da ke fuskantar maƙwabci. Wanda kuma ba ya jin daɗin fim sai ƙasa na girgiza, ga lasifikar kunne, wadda za ta ba shi duk rugugin da yake so ba tare da ko matarsa ta farka ba.

Ina so in ja kunnen masu shirin kashe kuɗi a banza. An yaɗa cewa manna kiret ɗin ƙwai ko soso a bango, ko rataya labule mai kauri da shimfiɗa kafet, yana hana sauti fita. Waɗannan suna rage amsa-kuwwa a cikin ɗakin, su sa magana ta fi daɗin ji, amma rugugi ratsa su yake yi kamar babu su. Kafin soso ya shanye sauti da kyau sai kaurinsa ya kai wajen rubu'in tsawon igiyar, wato fiye da mita 2 ga sauti mai kaɗawa 40. Abin da ke tare rugugi shi ne nauyi da tazara da raba gini da gini, kuma waɗannan a lokacin gini ake samun su da araha. Ina kira ga masu gina gidajen haya da injiniyoyinsu su kai bangon tsakani har ƙarƙashin kwano, su cike ramukan bulonsa, su yi masa filasta ciki da waje, kuma a kan takardar zane su guji jingina falon wani da ɗakin barcin wani. Falo ya jingina da falo, kicin da kicin. Wannan bai ƙara ko buhun siminti ɗaya ba, tunani kawai yake buƙata.

Masu gidajen haya suna iya sanya sharaɗin lokacin shiru a takardar yarjejeniya, kamar yadda suke sanya na kuɗin wuta da na shara, domin ɗan haya ya sami abin da zai nuna ba tare da ya zama shi ne mai fitina ba. Masu unguwanni da limamai, waɗanda su ne kotun farko a masarautun Gwandu da Argungu, suna iya ambaton wannan mas'ala da sunanta idan ana maganar haƙƙin maƙwabci, don kada wa'azin ya tsaya kan miƙa abinci da gaisuwar rashin lafiya. Masu sayar da kayan lantarki a kasuwa su ma da za su nuna wa mai saye maɓallin rage bes kamar yadda suke nuna masa na ƙarawa, da sun sami lada a kan ribarsu.

Na san akwai mai cewa: ga janareto, ga injin markaɗe, ga masu kiɗan biki da ke toshe titi, ga lasifikokin da ake kwana ana amfani da su, me ya sa sai ɗan akwatin falona? Duk waɗannan abin magana ne, kuma kowanne yana da ranarsa. Bambancin shi ne mai injin markaɗe abincinsa yake nema, mai biki kwana ɗaya ne ya tashi, mai janareto yana iya cewa zafi ne ya tilasta shi. Rugugin falo kuwa nishaɗi ne tsantsa, ana maimaita shi kusan kowane dare, kuma maganinsa yana ƙarƙashin babban yatsan mutum ɗaya, ba ya cin ko kwabo. Ban kuma ce maƙwabci ba shi da nasa rabon haƙuri ba. Zaman tare ya gaji jin motsin juna. Da rana, ko ranar suna, ko daren da ƙungiyar maƙwabcinka ta ci kofi, sai ka kau da kai. Wanda ke neman shirun maƙabarta a tsakiyar gari shi ma ya so kansa da yawa. Abin da ba shi da hujja shi ne mutum ya mayar da barcin wani abin da sai ya gama kallo ake samu.

Mu da muka yi boko, muke da albashin sayen waɗannan kaya, mu ne kan gaba wajen kukan cewa hukuma ba ta damu da talaka ba, ana yanke hukunci a ofis mai sanyi ba a zo an ga halin da jama'a ke ciki ba. To, ga ƙaramar hukuma a hannunmu, talakawanta suna bayan bango, kuma ba za su taɓa kawo ƙara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji masu iya magana. Sai dai wannan yoyon daga rufinka yake, a ɗakin wani yake zuba. Tun kafin daren yau, ka taka ka je ka gani. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtaka, Ya zaunar da mu lafiya da juna, amin.